Tsinken da Muke Auna Baka da Shi

Ranar Alhamis, 15 ga watan Mayu 2025, bayan sallar la'asar, Allah ya karɓi ran yayana Malam Gwadabe Mikail, mai shagon buga takardu na Ƙofar Mazugal, bayan jinyar kwana huɗu. Shekararsa hamsin da takwas. Dukkanmu na Allah ne kuma gare shi za mu koma, shi dai ya riga mu tafiya.

Ni ce Sa'ida ƙanwarsa. Karatuna bai wuce aji uku na sakandare ba, sana'ata ɗinkin hula, kuma ban taɓa rubuta abin da ya fi wasiƙa tsawo ba. Amma Yaya, yau kwana arba'in da rasuwarka, akwai labarin da nake son ba ka, kuma babu inda zan same ka.

Mutane sun san ka da buga takardun lissafi a kwamfuta. Malamai da ɗalibai daga ko'ina a cikin gari wurinka suke zuwa, domin masu buga takardu da yawa suna gudun wannan aikin. Masu zuwa gaisuwa sun faɗi yadda kake zaunar da ɗalibi ka nuna masa inda ya yi kuskure a rubutunsa, alhali bugu kawai aka kawo maka. Wani malami ya ce bai taɓa ganin ka miƙa takarda ba sai ka karanta ta sau biyu. Duk gaskiya ne. Ni kuma abin da na sani game da kai ƙarami ne, shi zan faɗa.

Shekara uku da suka wuce na kawo maka hular da na ɗinka maka. Na ga takarda a kan teburinka cike da lambobi, wasu bisa wasu kamar bene. Ban gane komai ba, amma idona ya tsaya kan alamar nan mai lanƙwasa da ake kira baka, wadda ake buɗe lissafi da ita a rufe da 'yar'uwarta. Na ce, “Yaya, wannan na sama ai ya fi na ƙasan tsawo.” Ka cire tabarau ka dube ni, ka ce, “Mutum uku masu digiri sun duba takardar nan ba su gani ba. Zauna.”

A ranar ka yi mini bayani. Ka ce kwamfuta tana auna tsawon baka ne da abin da ke tsaye kusa da shi a layi ɗaya. Idan lissafi ya yi tsawo har aka karya shi zuwa layi na biyu, sai ta manta abin da ta bari a sama. Bakan buɗewa ya fito dogo saboda yana rungume da lissafi mai bene, na rufewa kuma ya fito gajere saboda ƙananan lambobi ne a gefensa. Na ce to mene ne a ciki, tunda duk baka ne? Sai ka ba ni labarin abin da ya same ka a farkon sana'arka. Ka buga wa wata makaranta takardar jarrabawa da irin wannan kuskure, ɗalibai suka haɗa dogon baka da wanda ba abokinsa ba, rabin ajin suka faɗi tambayar. Ba wanda ya zarge ka. Kai da kanka ka hau keke ka je ka gaya wa shugaban makarantar cewa laifinka ne.

Tun daga nan kowace Juma'a bayan masallaci kake kawo mini takardu gidana a Goron Dutse. Na karyo tsinke a jikin tsintsiya, ina ɗora shi kan bakan farko in riƙe da farce, in gangara in gwada na biyu, kamar yadda nake gwada zanen hula gefe da gefe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda kake gyarawa. Ka ce kana ɗauko dogon lissafin nan na layin sama ka sake rubuta shi a layin ƙasa, sannan ka umarci kwamfuta ta auna tsawonsa amma kada ta buga shi. Yana nan tsaye ido ba ya ganinsa, bakan kuma sai ya miƙe don ya kai shi. Ɓoyayyen dogo kake ce masa. Na sha ɗaga takarda ina haska ta da rana ko zan hango shi, kana dariya kana cewa, “Sa'ida, ko marinar Ƙofar Mata kika tsoma ta ba zai fito ba.” Ka yi alkawarin wata rana za ka nuna mini shi a jikin kwamfuta. Ba mu samu ranar ba.

Ka rasu ka bar littafin Malam Ashafa, tsohon malamin lissafin nan da ya shekara goma yana rubuta wa 'yan sakandare littafi, yanzu kuma idonsa ya yi rauni har ba ya iya duba bugu. Da idonka ya dogara. Babi ɗaya ya rage, maɗaba'a na jira kafin a koma makaranta. Ɗanladi maƙwabcin shagonka, abokin sana'arka na shekara ashirin, ya ɗauki nauyin ƙarasawa, Allah ya saka masa. Da ya gama na roƙi a kawo mini takardun. Na ɗora tsinke, na sami wuri biyar da bakan rufewa bai kai na buɗewa ba.

Ɗanladi ya ce, “Malama Sa'ida, wa zai lura da wannan? Mai littafin ma ba ya gani.”

Na ce, “Ni na gani, kuma ni ce mafi ƙarancin karatu a cikinku.”

Ya koma ya gwada zaɓen girman bakunan da hannu. Ya kawo, wasu sun zarce, wasu ba su kai ba. Ya ce iyakar iyawarsa ke nan, shi katin biki ya saba bugawa. Sai na yafa mayafi na bi shi shagon, karo na farko tun rasuwarka. Hular nan tana rataye a ƙusa inda ka bar ta. Na daure na ce masa ya buɗe babin da ka buga da hannunka, ya duba rubutun da ke bayan fage, wanda kwamfuta ke karantawa kafin ta fitar da shafi, ya nemi inda ka maimaita lissafin sama a layin ƙasa. Ya yi ta dubawa, can sai ya buga tebur ya ce, “Kai, Gwadabe! Ashe abin da kake yi ke nan!”

Na matsa kusa na ga ɓoyayyen dogon nan naka, Yaya. Ɗan gajeren umarni ne, da lissafin a cikinsa, a zaune a wurin da takarda ke nuna fili. Na yi dariya, sannan na yi kuka.

Ɗanladi ya kwaikwayi yadda ka yi, biyar ɗin suka daidaita, tsinke ya shaida. Na sa ya bi littafin tun daga farko muna ƙirgawa. Ɓoyayyun dogaye arba'in da bakwai ka tsayar a ciki, kuma babu ɗalibin da zai taɓa sanin suna nan. Littafin ya tafi maɗaba'a ranar Litinin. Malam Ashafa ya ce in riƙa zuwa yana koya mini abin da ke tsakanin bakunan, tunda na daɗe ina auna su ban san me suke riƙe da shi ba. Na amsa masa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarka Yaya Hassana, da 'yarka Bahijja da ƙannenta, da Malam Ashafa, da Ɗanladi, da duk ɗalibin da ya taɓa zama a bencin shagonka. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Ya Allah, ka gafarta wa Gwadabe, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sada shi da iyayenmu a Aljanna. Kai ne kake ganin aikin da ido ba ya gani. Ka saka masa a kan wanda mutane suka sani, da kuma arba'in da bakwai ɗin nan. Amin.