Kawu Isyaku a Ɗakin Amarya

Da sunan Allah nake farawa, kuma ku yi mini haƙuri idan dariya ta riga addu'a isowa, don zancen Kawu Isyaku ba ya zuwa ta wata hanya.

Duk wanda ya taɓa shiga zaurensa a unguwar Magajiya ya san Kawu, Allah Ya jiƙansa, ba da ido yake duba kaya ba, da hanci yake dubawa. Tabarma ce, kujera ce, ko hular da aka yi masa tsaraba, sai ya kai hanci, ya lumshe ido, ya ja numfashi kamar mai sayen turare. In lafiya, ya ce, "Bismillah, ya shigo." In kuwa ya yi atishawa, hukuncin ɗaya ne: "A kai shi ya sha iska."

Ni ɗan ƙanwarsa ne, a hannunsa na tashi, don haka na san mafarin abin. Autarsa Binta da ciwon ƙirji ta zo duniya. Warin fenti ko na gam ɗin kafinta kaɗai ya isa ya sarƙe mata numfashi. Tun ranar da wani maƙwabci ya yi fenti ta ƙare a gadon asibiti, Kawu ya ɗaura yaƙi da duk abin da ke wari a ɗaki. Mu kuwa tsoronmu ɗaya: yarinya na girma, wa zai aure ta ya haɗa da hancin ubanta?

Yayanta Sani ne ya fara ɗanɗanawa. Da ya samu aiki a Abuja, sai ga shi da a-kori-kura cike da kujerun kushin, har da ledarsu.

"Baba, ga kujeru, ka huta da benci."

Kawu ya sunsuna hannun kujera, ya durƙusa ya sunsuna ƙarƙashinta, ya yi atishawar da hularsa ta faɗi.

"Me suka zuba a ciki?"

"Soso ne kawai da yadi, Baba. Irinsu ne fa a ofishin oganmu."

"Ogan naku lafiyarsa ƙalau?"

Sani ya sosa ƙeya. "Yakan ɗan yi ciwon kai."

"To. A kai su su sha iska."

Aka jera su a gindin mangwaro. Suka yi ta shan iska har aka manta da su. Wata Asabar Sani ya zo, ya shigo da gudu.

"Baba, kaza fa ta yi ƙwai a kujerata!"

"Madalla," in ji Kawu. "Sun fara warkewa ke nan. In ta ƙyanƙyashe lafiya, sai mu sake dubawa."

Kazar ta ƙyanƙyashe lafiya. Damina ce ta riga mu dubawa.

Shi nasa tsarin daban ne. Bango, farar ƙasa da ƙaro. Tsakar ɗaki, daɓe da makubar da yake aika a sayo masa daga Gawu. Gado da benci, katakon maɗaci tsantsa, ba fenti, sai dai ya goge su da man kaɗe da kakin zuma. Gaskiya ɗakinsa da sanyi, ka shiga sai barci. Aibin ɗaya ne: Kawu yana da tsumulmular ƙaro, farar ƙasar ba ta kama bango sosai. In an tsaya sahu a masallaci, ka ga mutum da farin baya, ba sai ka tambaya ba. Bayan sallama sai ka ce, "Ashe ka je gaida Malam Isyaku."

Ana nan sai Allah Ya kawo wa Binta miji, Nasiru, Bakatsine mai aiki a Abuja, yana haya a nan garin namu, tunda kusa ne da Abuja. Yaro mai kunya. Ranar da manyansa za su zo neman aure, Kawu ya ce dole a karrama baƙi. Da sassafe ya sake wa zaure farar ƙasa, ya ninka wa benci man kaɗe.

Baƙi suka iso cikin shaddodi masu ƙyalli. Babbansu, wani Alhaji mai jiki, yana zama ya zame har ƙarshen benci, ya yi kamar da niyya ya matsa. Aka yi gaisuwa, aka yi maganar da ta kawo su, aka shafa fatiha. Da suka miƙe, subhanallahi! Sama fari, ƙasa maiƙo, kowannensu.

Inna Hajara, matar Kawu, tana leƙe ta bayan ƙofa. Na ji ta tana cewa a hankali, "Shi ke nan, Malam ya kashe auren nan."

Kawu kuwa ko a jikinsa. Ya dafa Alhaji ya ce, "Kada ka damu, man kaɗe ne tsantsa. Ko lasa ka yi, ba abin da zai same ka."

"Na gode, Malam," in ji Alhaji. "Na ci abinci."

Mun ɗauka ba za su dawo ba. Sun dawo sa rana, kowa da dardumarsa a hammata.

Kayan ɗaki Kawu ya tsaya a kan kafinta da kansa: gado da sif na katako na gaske, ban da allon nan na garin katako da ake mannewa da gam. Amma ɗakin ango ba ya cikin ikonsa. Shi kuwa Nasiru, don ya fita kunya, ana gab da biki ya sa aka shafe ɗakunan da fenti mai mai, aka shimfiɗa sabuwar leda, sannan ya rufe tagogi kada ƙuda ya manne a bango.

Ranar ɗaurin aure, bayan an watse, mata na can gidan ango suna ƙarasa jere, wata ta dawo gida tana riƙe da kai, ta ce ɗakin ya yi kyau, sai dai fentin na hawa kai. A kunnen Kawu. Ya ɗauki sandarsa da buzunsa.

"Kawu, ina za ka?" na tambaye shi.

"Ɗakin Binta."

"Uba? Ɗakin 'yarsa? Ranar kai amarya? Kawu, abin kunya ne fa!"

"Kunya ba ta taɓa kai kowa asibiti ba, Habu. Mu je."

Mata na ganinsa suka watse, wasu na rufe fuska da mayafi, wasu na salati. Bai ma kai hanci ba. Tun daga bakin ƙofa idanunsa suka kawo ruwa.

"Ba za a kawo ta yau ba," in ji shi. "Ɗakin nan sai ya sha iska."

Gwaggon ango, Hajiya Rabi, ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Malam, mun taso tun daga Katsina. An ɗaura aure, an dafa abinci, dangi sun taru, ka ce mini ɗaki zai sha iska? In ba ku son auren nan ku faɗa. Motarmu na waje."

Nasiru na durƙushe a gefe, gumi na bin babbar rigarsa. Ni kuwa na ce a zuciyata, abin da muke tsoro ya iso.

Kawu ya jingine sandarsa. Ya tuɓe takalmi, ya shiga, ya shimfiɗa buzu a tsakar ɗakin, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa.

"Hajiya, so kuke wani daga gidana ya kwana a ɗakin nan yau, ko? To ga ni. Ranar da na daina atishawa, a kawo ta."

Hajiya Rabi ta dube shi, ta sake dubansa. Sai dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ƙofa.

"Nasiru, ga amaryarka nan. Allah Ya ba da zaman lafiya!"

Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Aka buɗe tagogi, aka naɗe leda aka kai rana, aka ajiye gawayi a kwanoni a kusurwoyi. Nasiru ya koma wajen wani abokinsa. Abokan ango kuma, 'yan tsokana, suka zo sayen baki da gasasshiyar kaza da madara, suka durƙusa.

"Baba, ko amarya za ta yi mana magana?"

"Kazar ta shigo," in ji Kawu. "Ku ku sha iska."

Da safe maƙwabta kan leƙo ta taga. "Amarya, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau, sai dai angon ba ya zaman gida."

Ni nake kai masa abinci. Wata rana bayan azahar na same shi jingine da gadon da ya yi wa 'yarsa, idanu jajur, tari na girgiza shi, carbi a hannu. Mutumin da ba ya ko tsayawa kusa da gwangwanin fenti.

"Kawu, ka fito haka nan. Ni in zauna."

"Kai? Hancinka na ado ne." Ya yi tari, ya huta, sannan ya ce a hankali, "Ƙirjina ya gama aikinsa, Habu. Ita kuwa yanzu za ta fara gida."

Ya fi mako a ciki. Wata safiya ya fito da buzunsa a hammata, ya rame, muryarsa ta dushe, ya ce, "A kawo ta." Aka kai Binta da guɗa. A ɗakin nan ta haifi yaranta na fari, kuma ban taɓa jin an ɗauke ta daga cikinsa zuwa asibiti don ƙirji ba.

Ya Allah, bawanka Isyaku ya taɓa zama cikin ƙunci don 'yarsa ta yi numfashi. Ka yalwata masa inda yake kwance, Ka gafarta masa, Ka sada mu da shi cikin rahamarKa. Amin.