Ranar da Babur Ɗina Ya Mutu a Hanyar Ribah

Shekarar da na fara koyarwa a Zuru na sayi babur ɗina na farko. Kafin ya yi wata biyu na sake masa kama. Na sa dogayen madubai, na ɗinka wa kujerar jar fata, na ɗaura hon mai ƙara kamar na tirela. Injin kuwa ban taɓa waiwayarsa ba.

Wata Asabar da safe, ina kan hanyar Ribah zan gaida mahaifiyata, sai ya fara shaƙewa, ya mutu. Na yi ta taka kik har ƙafata ta gaji, bai tashi ba. Na ɗauka injin ya buga, kuma na sha jin cewa in inji ya buga, sai dai sabo. A bayan motar dawa na dawo da shi unguwar Rikoto a Zuru, wurin wani dattijon bakanike, tsohon soja.

Ya kwance fulogi, ya nuna mini bakinsa baƙi ƙirin. Ya kankare, ya mayar, ya taka sau ɗaya. Babur ya tashi.

Na ce, "Baba, shi ke nan?"

Ya ce, "Shi ke nan, Malam. Amma baƙin man nan tun na kamfani ne. Yau za mu juye shi, mu ɗaure sarƙa, mu duba birki. Kwalliya ta jira tukuna."

Na zauna a benci ina dariya ni kaɗai, gumi yana bushewa a jikina. Da la'asar na isa Ribah, ina tafe a hankali ina sauraren injin.