Kabari a Cikin Ƙanƙara

Ko tsufa ya ci ni har na manta sunan unguwarmu, ba na jin zan manta la'asar ɗin da wata dattijuwa ta sa na buɗe mata kwamfutata a unguwar Mahjar ta Jidda.

Lokacin ina aikin kwantiragi a wata cibiyar bincike a Jidda. Aikin ma abin dariya ne: ina zaune a garin da zafinsa ke neman narkar da takalmi, amma ƙanƙara nake bibiya. Can arewacin duniya akwai yankunan da ƙasarsu take a daskare shekara da shekaru, samanta kawai ke ɗan narkewa in lokacin zafinsu ya zo. Tauraron ɗan'adam yana auno mana zafin doron ƙasar, mu kuma mu ƙiyasta zurfin da narkewar ke kaiwa. Saboda ɗumamar yanayi kullum ƙara nitsawa take yi, gidajen mutanen wajen suna karkacewa, tituna suna tsagewa.

Dattijuwar maƙwabciyata ce, Bahaushiyar Sudan da ta daɗe a Jidda. Ta saba yi min tsiya, wai na baro Kano takanas na zo gadin tallaja, wato firiji. Ran nan kuwa ta shigo fuskarta ba wasa, ta ambaci sunan wani gari a arewacin Rasha.

"'Yata, na'urar taki tana ganin can?"

Na ce tana gani, Hajiya. A nan na fara jin labarin. Ɗanta na fari ya tafi can karatu, ya samu aiki ya zauna, ciwo ya kama shi ya rasu. Musulmin garin ne suka yi masa sutura. Wanda ya bugo mata waya, don ya kwantar mata da hankali, ya ce ai ƙasarsu ba ta cin gawa, yadda aka kwantar da shi haka zai zauna.

"Duba min," ta ce. "Har yanzu a daskare take?"

Na san yankin sarai, yana cikin wuraren da suka fi yin ja a taswirarmu. Na kuma san yadda mutanenmu ke kallon wanda ƙasa ba ta ci ba, ai sai bayin Allah na gari ake yi wa wannan zancen. Na ce a raina da wannan zancen dattijuwar take rarrashin kanta, ga shi ni zan ƙwace mata. Na yi ta jan taswirar sama da ƙasa ina ɓata lokaci, ƙarya tana bakin harshena.

"Yalla mana, faɗa min. Ni ba yarinya ba ce."

Sai na faɗa. Na ce tauraron ba ya ganin kabari, zafin ƙasa kawai yake aunawa, amma a ƙiyasinmu narkewar da wajen ke yi yanzu ta wuce zurfin kabari.

Nan take na fara da-na-sani. Can ta ɗaga hannuwa, hawaye na zuba, ta ce alhamdu lillahi.

"Yaron nan a Jidda na haife shi. Ko fanka aka kunna sai ya nemi bargo. Wallahi tun da aka ce min yana cikin ƙanƙara, ruwan sanyi bai ƙara wuce min da daɗi ba. Ni ban roƙi a adana min shi ba, 'yata, mutum ba naman tallaja ba ne. Daga ƙasa muke, so nake ta karɓe shi kamar kowa. Halas, shi ke nan, ta karɓe shi."

Sai na zauna muka yi kukan tare. Abin da nake rubutawa a rahoto a matsayin bala'i, kuma har gobe bala'in ne, shi ya sauke wa wannan uwa nauyin da ban ma san tana ɗauke da shi ba.

Tun daga ranar na daina yanke wa mutum abin da zuciyarsa za ta iya ɗauka. Da na yi mata ƙaryar tausayi, da ni da bakina na bar mata ɗa cikin sanyi har ƙarshen ranta.