Farar da Ba Ta Motsi

Iya Mai Fara ba ta da haƙoran gaba biyu, kuma ba tsufa ne ya cire su ba.

A ƙofar makarantar firamare take kafa kaskonta. Da shi ta ciyar da 'ya'yanta tun rasuwar mijinta. Takan ce wa yara, "Saniya sai ta ci ta sha shekara da shekaru kafin ku ga nama. Wannan kuwa da kanta take zuwa."

Doka ɗaya gare ta: ba ta sayen farar da ba ta motsi. Sai ta zura hannu cikin buhu ta ji ƙafafu suna yakushinta.

Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita, ƙanenta ya fita da kaskon. Tana kwance sai ga maƙwabciyarta riƙe da mataccen zakara.

"Iya, abin da ya zubo daga buhun ƙanenki ya ci. Mijina ya ga ƙanen naki yana sharo matacciyar fara a gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari."

Iya ta fita ko takalmi babu. Ta iske ƙanen ya gama suya, ya cika faranti, ana dab da sakin yara cin abinci.

"Sauke farantin nan."

"Yaya, koma ki kwanta. Ai wuta ta kashe gubar."

"To ci ɗaya in gani, sarkin likitoci."

Bai ci ba. Ta cafki farantin, ya fizge. Ta shaƙe wuyan rigarsa, ya kai mata gwiwar hannu a baki. Ta faɗi, ta tofar da jini da haƙora. Daga nan ƙasa ta rungumo ƙafarsa ta ja, ya zube kan murhu yana ihu, fara ta watse a titi.

Sai ƙararrawa. Yara suka ɓarko, suka ga ganima a ƙasa.

Iya ta zaro itace mai wuta ta tsaya a tsakiya, jini yana ɗiga a haɓarta.

"Duk wanda ya sunkuya, zan ƙona masa hannu."

Wata yarinya ta gwada. Iya ta take farar da ƙafa, ta kai mata rankwashi. Haka ta yi ta kewaya har maƙwabciyar ta share komai ta cusa a wuta.

Ƙanen ya ɗingisa ya tafi, bai sake taka gidanta ba. Yaran suka koma aji da yunwa, suna zaginta ƙasa-ƙasa. Da aka tashi, kowannensu ya je gida da ƙafarsa.