Sunan da Na Kira a Rumfar Awo

Shekara talatin da biyu na yi ina aikin ungozoma, fuskoki da yawa sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da wata ranar Talata ba a ƙaramin asibitinmu da ke kan hanyar Baure. Ku da kuka fara aiki yanzu ku saurara da kyau, don ba kullum nake da ƙarfin halin ba da labarin nan ba.

Lokacin ni ce babbar sista, daga metiron sai ni. An kai mu kwas Katsina, aka koya mana gwajin bakin mahaifa. Aikin ba wuya: mace ta kwanta, a sa ƙarfen dubawa, a shafa ruwan khal, wato ruwan tsamin nan, da auduga, a jira minti ɗaya. In wurin ya yi fari, naman ya fara canzawa ke nan. Ba ciwon daji ba ne tukuna, hanyarsa ce. In ta je babban asibiti da wuri, ƙone wurin ake yi, ta koma gida a ranar.

Sun koya mana abubuwan da ke ƙara haɗarin: auren wuri, yawan haihuwa, shan taba, raunin garkuwar jiki, da yawan abokan kwanciya, na matar ko na mijin. Ta saduwa ake ɗaukar ƙwayar cutar, kuma macen da ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya samu daga wurinsa, in ya taɓa auren mai ita. Na san wannan sarai, har a jarrabawa na rubuta shi.

Da na dawo, sai na nemi Malama Rabi ta tara mini mata a yi musu gwajin. Ita ke koyar da matan aure karatu a gidanta, haihuwarta goma sha ɗaya, kuma duk abin da ta ce a garin mata ba sa musu. Ta ce in bar mata komai. Ranar Talatar kuwa sai ga ta da ɗalibanta, sun cika rumfar da muke awon ciki.

Na tashi yin bayani, mata na ta surutu, yara na kuka, ba mai saurarena. Ni kuma kun san ni, bakina ba linzami. Raina ya ɓaci, na buga tebur na ce, "Ku yi ta hira! Ciwon nan dai masu bin maza yake kamawa, yau za mu ga ta kowa." Rumfa ta yi tsit. Wallahi har daɗi na ji, wai na iya tsawatarwa. A shekarun nan da aka dawo da shari'a, zargin zina ba abin wasa ba ne ko a bakin mahaukaci, balle a bakin mai farin kaya.

Malama Rabi ce ta fara shiga don sauran su saki jiki. Na shafa, na jira, wurin ya yi fari fat. Ƙa'ida ita ce a gaya wa mace sakamakonta a ɗaki, daga ke sai ita, a ba ta takardar zuwa babban asibiti. Takardun suna ofishin metiron, ga layi ya yi tsawo, sai na ce ta jira a waje. Duk sauran lafiya lau. Da na gama, na leƙo daga bakin ƙofa, a gajiye, na ɗaga murya: "Kowa ta tafi, lafiyarku ƙalau. Malama Rabi ce kawai za ta tsaya."

Sai da na ga kawuna sun juya gaba ɗaya sannan na tuna abin da na faɗa da safe. Ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta dube ni sau ɗaya, ta bi bayan matan. Ba ta karɓi takardar ba.

Metiron ta kira ni ofis, ta wanke ni tas, ta ce in je gidan a yau in gyara ɓarnar da na yi. Na ce to. Ban je ba. Yau in ce ruwan sama, gobe in ce aikin rigakafi, alhali kunya ce kawai ta hana ni. Ina ji ana cewa ɗalibanta sun ragu, wasu mazan sun hana matansu zuwa. Ko ƙofar gidanta na daina bi, sai in zagaya ta bayan masallaci.

An fi shekara uku a haka. Rannan sai ga mijinta, dattijo mai sanyin magana, ya zo neman takardar Katsina, ya ce jini ya ƙi tsaya mata. A ranar na je. Na same ta kwance a tabarma, ta rame ƙwarai. Na durƙusa ina neman gafara.

Ta ce, "Sista, ni ban san kowa ba sai Malam. Da gefe kika ja ni kika faɗa mini, washegari ina Katsina. Amma a gaban ɗalibaina, in na karɓi takardar nan, ai na amsa laifin ke nan." Ta ce ta yafe mini tun ranar, har ta sa aka kawo mini ruwa.

A Katsina suka ce ciwon ya wuce inda ake ƙonewa. Ba ta ga azumin shekarar ba.

Ranar sadakar uku na miƙe a tsakar gidan, na gaya wa mata cewa ƙarya na yi, ciwon nan yana kama mace mai kamun kai, Malama ba ta aikata komai ba. Suka saurare ni har na gama. Wata tsohuwa daga cikin ɗalibanta ta ɗago kai ta ce, "Sai yanzu, Sista?"

Don haka nake ce muku, duk abin da kuka gani a jikin mace, ku rufe ƙofa kafin ku buɗe baki. Matanmu za su iya haƙuri da ciwo shekara da shekaru, amma ba za su zo karɓar magani a inda aka zubar musu da mutunci ba. In kuma kun yi kuskure, ku je a ranar. Daga asibitin zuwa gidan Malama Rabi tafiyar minti goma ce a ƙafa, ni kuwa sai da na yi shekara uku kafin in isa.