Sawun da Aka Daɓe

A Kuta na girma, a hannun kakata ta wajen uwa. Da an idar da magariba sai ta tura doya cikin garwashi, mu kewaye murhu, mu da 'ya'yan maƙwabta, har da waɗanda Hausarsu ba ta nuna ba. Ba ta fara tatsuniya sai ɓawon doyar ya soma tsagewa. In ka matsa mata sai ta ce, "Kai ja'iri, bakina rediyo ne?"

Akwai guda ɗaya da ba ma so. Ta wata mata ce da ɗanta ya rasu yana koyon tafiya. Bai bar komai ba sai sawun ƙafarsa ɗaya a tsakar ɗaki, wanda ya taka ranar da aka yi daɓe, ƙasa ba ta bushe ba. Matar ta kifa ƙwarya a kai. Kullum da safe ta ɗaga, ta duba, ta mayar. Damina ta zo, rufi ya yi yoyo, daɓen ya farfashe. Matan unguwa suka tausaya mata. Ran kasuwa, tana fita, suka haɗa gayya, suka kwaɓa sabuwar ƙasa, suka daɓe ɗakin sumul suna waƙa. Har ƙwaryar suka wanke mata.

"Sai kuma me, Kaka?"

"Sai ta dawo ta gani. Ta tuƙa musu tuwo."

"Ba ta zage su ba? To waye mugun?"

"Babu mugu. Ku karɓi doyarku, bakina ya rufe."

Mu dai haushi muke ji. Tatsuniyar da ba a doki kowa ba, ina daɗinta?

Aure ya kawo ni Minna, Tudun Fulani. Mijina yana buga wa ɗalibai takardu da wata 'yar kwamfuta ta hannu, mai araha, wadda jakata ma za ta ɗauke ta. Da ita muke ci. A cikinta kuma hotunan ɗanmu na fari suke, Abba, wanda zazzaɓi ya ɗauke yana shekara ɗaya da wani abu. Wayar da aka ɗauke su da ita an sace ta tuni. Ni firamare kawai na yi, amma na san inda ake dannawa fuskarsa ta fito.

Sai cuta ta shiga kwamfutar, bairos suke ce mata. Ta riƙa cin aikin mutane, tana sandarewa, ɗalibai suka fara komawa wani shago. Ina goyon 'yarmu Hauwa lokacin. Wata rana mijina ya dawo da murna, ya ce ya samo magani: wata manhaja wai ita Linux, kyauta ce, mutanen duniya ne suka haɗu suka gina ta, cutar ba ta kama ta, kuma ba ta yi wa ƙaramar na'ura nauyi. Amma sai an share tsohuwar kakaf, don wurin ba zai ɗauki biyu ba.

Na ce, "Baban Abba, hotunan fa?"

Ya yi dariya. "Ke da tsoro. Zo ki gani." Ya soka filashi, wannan ɗan abin ajiya mai kamar yatsa, ya kwashe su ciki a gabana, ya nuna mini ɗaya bayan ɗaya.

Filashin nan shi kaɗai ne a gidan. Washegari ya tafi da shi kafe, shagon intanet, ya ɗoro Linux ɗin a kansa, don daga nan ake zuba ta cikin kwamfuta. Abin da bai sani ba, ɗora ta ɗin yana share duk abin da ke cikin filashin.

Da yamma ya zauna kan tabarma, ya soka shi. Turanci ya fito. Ya ce tana tambaya ne ko a goge komai. Ya dube ni, na gyaɗa kai. Ya danna. Wani layi ya riƙa cika a hankali, muna kallo, yana yi wa Hauwa wasa da yatsun ƙafa. Da ta gama, allon ya fito fes, komai na buɗewa nan take.

"Kin gani ko, Maman Abba? Bari in mayar miki da ɗanki."

Ya buɗe filashin. Ya rufe, ya sake buɗewa. Ban iya karanta sunayen da ke ciki ba, wuyansa na kalla, na ga gumi ya tsattsafo. Ya kai kwamfutar da filashin wajen wani mai gyara a Limawa, mutumin ya yi iya yinsa, ya ce sabon ya riga ya hau kan tsohon.

Daren ranar na zuba masa abinci, ya kasa ci, ni ma haka. A nan na gane tuwon matar nan ta tatsuniyar Kaka ba na haƙuri ba ne. Hannu ne ya rasa wanda zai shaƙe, ya kama muciya. Wa zan zaga? Mutumin da ya haƙa kabarin yaron da hannunsa?

Kwamfutar tana nan, ba ta ƙara ciwo ba, ɗalibai sun dawo. Amma Abba yana da wani ɗan baƙin tabo a bayan kunne. Kwanaki na ce na dama ne, babansa ya ce na hagu. Babu inda za mu duba.