Bana Baba Dauda Ya Zo Hannu Rabbana

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifinmu, Alhaji Sule mai banda, wanda duk mai cin kifi a Garwa ya san rumfarsa. Na saba tuna shi a wannan fili da labarai masu daɗi. Bana kam ba abin alfahari na kawo muku ba.

Baba yana da wata ɗabi'a da abokan sana'arsa ke yi masa dariya a kanta. Da zarar damina ta kankama, kifi ya ɗauki ƙwai, sai ya kife kwanduna, ya garƙame rumfa, ya tafi gonarsa ta Pitowa. Sai an fara yankan dawa ake sake ganinsa a kasuwa. A watannin nan miyar gidanmu kuka ce da daddawa, yau kuka gobe kuka, har mu yara muna cewa mu 'ya'yan mai kifi ne da rani kawai. In an yi masa magana ba ya dogon bayani, cewa yake kifi ma haihuwa yake yi, a bar shi ya haihu. Ƙananan kifi kuwa ko da rani ba ya saye. Masunci ya kawo su, zai mayar masa da kayansa, ya haɗa masa da kwanon shinkafa ya kai gida.

Cikin masuntan da ke kawo masa kifi akwai Baba Dauda, Kirista ne mutumin Yagoua, ya zauna a bakin tafkin Lagdo tun yana saurayi. Shi ma da damina jingine kwalekwalensa yake yi. Tun da Baba ya rasu, duk ranar da muke yi masa sadaka sai Baba Dauda ya shigo motar safe da giwan ruwa guda, wanda 'yan gari ke kira kafiten, a naɗe cikin buhu. Da shi ake yin miyar da ake rabawa maƙwabta.

Rumfar tana hannun yayana Sani yanzu, sunan Baba na nan a jikin allonta. Ba ta rufewa rani da damina. Abin da ya fi tafiya a cikinta kuwa ƙananan kifi ne, waɗanda ba su kai ɗan yatsa ba, ana shanya su a rana a cika buhuna a sayar wa masu kiwon kaji. Da gidan sauro ake kamo su, irin wanda ake raba wa mata masu ciki a asibiti, domin ba abin da ke tsallake shi, har ƙwai yake kwasowa. Kada ku ɗauka tsame kaina nake yi. Shinkafar da ake aiko mini duk wata daga rumfar nan take fitowa, kuma ban taɓa mayar da ita ba. Da Baba zai leƙo, ban san wanda zai fara kallo ba, mai sayarwa ko mu masu ci.

Ranar sadakar bana Baba Dauda ya iso hannu rabbana. Ya zauna a zaure ya yi ta ba da haƙuri kamar wanda ya yi sata. Ya ce ya yi kwanaki yana jefa raga, abin da yake samu bai isa miyar gidansa ba, balle na kawowa. Ɗansa ya tafi kudu neman aiki ya bar masa jikoki. Shi mai kifi, yau gidansa ake cin tuwo da miyar da ba ta ga kifi ba.

Yaya Sani ya tausaya masa, wannan ba zan hana shi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da sabon gidan sauro a cikin ledarsa, ya ajiye a gabansa.

"Baba Dauda, kowa da wannan yake ci yanzu. Duk abin da ka kamo, ni zan saya."

Ina tsaye da tiren shayi. A raina ina jira tsohon nan ya ture ledar ya zage mu tas, ko ma ji sanyi. Ya daɗe yana kallon ta.

"Useko, na gode, ɗana. Yaran nan sai sun ci," in ji shi.

Ya sa ledar a hammata ya miƙe. Na ce ya shiga ya gaisa da Inna, mahaifiyarmu, kamar yadda ya saba duk shekara. Ya girgiza kai, ya ce in gaishe ta, ba zai iya shiga gidan Alhaji da wannan abu a hannunsa ba. Bai tsaya cin abincin sadakar ba.

Mun gaji rumfa, mun gaji gona, mun gaji suna mai kyau da muke ci da shi har yau. Amma na duba cikinmu kaf, mu da muka fito daga jikinsa, ban ga wanda har yanzu yake jin nauyin Alhaji Sule kamar wannan tsoho ba. Shi kuma da hannunmu muka tura shi ruwa ya kwashe abin da jikokinsa za su ci gobe. Allah Ya ji ƙan Baba. Mu kuma ban san da wane baki zan roƙa mana ba.